Takardun Franz Kafka da Wuta Ba Ta Ci Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da Faransanci a nan Maraɗi. Tun da na aje alli, tsofaffin ɗalibaina da ƙannensu da ke jami'a sukan biyo ta ƙofar gidana bayan isha'i, a ɗora shayi, mu yi ta hirar littattafai. Duk wanda ya karanta labarin mutumin nan da ya wayi gari ya tarar ya zama ƙwaro, ko na ma'aikacin bankin da aka kama ba a gaya masa laifinsa ba, sai ya dawo da tambaya a kan marubucin. Da zarar kuma na ce ai mai littafin cewa ya yi a ƙone rubutunsa, sai hira ta bar kan labari ta koma kan takardu. Tambayoyin sun yi ta maimaituwa har na ga gara in tara su wuri guda.

Wane ne Kafka, a taƙaice?

Bayahude ne ɗan birnin Prag, babban birnin ƙasar Cek ta yau, amma da Jamusanci yake rubutu. An haife shi ran 3 ga Yuli 1883. Ya karanta shari'a, ya yi aiki daga 1908 zuwa 1922 a wata hukumar inshora mai kula da ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki. Da rana ofis, da dare rubutu. Tarin fuka ya kama shi a 1917, ya rasu ran 3 ga Yuni 1924 a wani gidan jinya a Kierling kusa da Biyana ta ƙasar Ostiriya, yana da shekara 40. Kafin rasuwarsa gajerun labarai kawai ya buga. Manyan littattafansa uku, waɗanda muka sani a Faransanci da Le Procès (na ma'aikacin bankin nan) da Le Château da L'Amérique, ba wanda ya ƙarasa, ba kuma wanda ya fito yana raye.

Da gaske ne ya ce a ƙone rubutunsa, ko ƙarin gishiri ne?

Da gaske ne. Bayan rasuwarsa amininsa Max Brod, wanda suka shaƙu tun suna jami'a a 1902, ya tarar da ƴan takardu biyu a cikin kayansa, ɗaya da tawada, ɗaya da fensir. Duka biyun Brod aka rubuta wa. Abin da ke ciki shi ne ya tattara duk abin da Kafka ya bari, kundin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum, rubutun hannu, wasiƙu, zane-zane, har waɗanda ke hannun wasu mutane, ya ƙone ba tare da ya karanta ba. A takarda ta biyu ya ware ƴan labarai kaɗan da aka riga aka buga, cikinsu har da na ƙwaron nan, ya ce su ne kaɗai yake ƙirgawa a cikin aikinsa, su ɗin ma ba ya son a sake buga su.

Brod bai ɓoye wasiyyar ba. Shi da kansa ya buga ta, ya kuma sa ta a ƙarshen bugun farko na Le Procès a 1925, tare da hujjarsa ta ƙin aiki da ita. Le Château ya biyo baya a 1926, L'Amérique a 1927.

To me ya hana shi ƙonewa da hannunsa?

Ya ƙone wasu. A watannin da ya zauna a Berlin, daga Satumba 1923 zuwa Maris 1924, ya sa abokiyar zamansa Dora Diamant ta cinna wa wasu takardunsa wuta a gabansa. Amma da yawa ba sa hannunsa. Rubutun Le Procès tun 1920 yake wurin Brod. Kundin sirrinsa kuwa ya ba wata mata, Milena Jesenská, a 1921. Kuma mutumin da yake gyaran gwajin bugun littafinsa na ƙarshe a kan gadon ajali, lokacin da maƙogwaronsa ya lalace har sai dai ya rubuta buƙatunsa a guntayen takarda ya miƙa, da wuya a ce ya yanke ƙauna da rubutu. Zuciyarsa biyu ce a kan lamarin, haka nake gani.

Mushe, ashe Brod cin amana ya yi kenan?

A nan shayi yake hucewa a kofi. Ba a taɓa kawo wannan tambaya a ƙofar gidana an tashi baki ɗaya ba.

Hujjar Brod ita ce: ya ce tun a 1921, da Kafka ya nuna masa takardar, ya gaya masa ido da ido cewa ba zai aikata ba. Don haka, in ji shi, da Kafka ya ƙudurta da gaske da sai ya naɗa wani wasiyyi, ba mutumin da ya sani yana adana ko da katin gaisuwarsa ba. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai tana da gurgun ƙafa ɗaya: ba mai shaidar wannan hira sai Brod ɗin kansa. Mai gaskatawa ko ƙaryatawa yana ƙarƙashin ƙasa.

Wani yaro da ya yi karatun allo mai zurfi kafin boko ya taɓa cewa a wurinmu wasiyya tana da iyaka, ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a zartar da wasiyyar ɓarna, tunda an hana tozartar da dukiya. Ya ce ƙone irin wannan aiki ɓarna ce. Abokinsa ya tare shi ya ce a'a, rubutun da mutum bai gama ba, bai kuma yarda a gani ba, ya fi kama da al'aura, ba dukiya ba, kuma mai wankan gawa ba ya faɗin abin da ya gani. Wannan magana ta zauna mini. Na gaya musu cewa ba a Turai aka fara ba: Abu Hayyan al-Tauhidi, babban marubucin Larabci na zamanin Abbasiyawa, ya ƙone littattafansa a ƙarshen rayuwarsa don yana ganin mutanen zamaninsa ba su cancance su ba. Bambancin kawai shi bai wakilta kowa ba.

Ni dai na raba abin biyu. A kan littattafan labari ina bayan Brod, ba kuma zan yi ƙaryar cewa ba son zuciya a ciki ba, don na ci abinci da su shekaru. Labari ana rubuta shi ne don wani ya karanta, ko marubucin ya ji kunyarsa daga baya. A kan kundin sirri da wasiƙun soyayya kuwa, kaina yana sunkuye. Na karanta su, na amfana, amma ban taɓa jin cewa da izini na shiga ba.

Yaya takardun suka kuɓuta daga hannun ƴan Nazi?

Da ƙyar da jiɓin goshi. Daren 14 wayewar 15 ga Maris 1939 Brod da matarsa suka bar Prag a jirgin ƙasa na ƙarshe kafin sojojin Jamus su mamaye ƙasar su rufe iyaka. Takardun Kafka suna cikin akwatin da ya riƙe a hannu. Haka ya isa Tel Aviv, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Da ya yi jinkirin kwana ɗaya, da wuya a ce yau muna wannan hira.

Ku dubi abin da ya sami waɗanda suka rage. Ƙannen Kafka mata uku, Elli da Valli da Ottla, duk ƴan Nazi sun kashe su. Milena ta mutu a sansanin Ravensbrück a 1944.

Ko a can gabas takardun ba su zauna wuri ɗaya ba. An aje mafi yawansu a ɗakin karatu na Salman Schocken, mai buga littattafan Kafka, a Birnin Ƙudus. Da yaƙin Suwez ya tashi a 1956 aka kwashe su zuwa ma'ajiyar wani banki a Zurik ta ƙasar Suwizalan.

Yanzu a ina suke?

Wurare uku ne manya.

Kaso mafi tsoka yana ɗakin karatu na Bodleian a jami'ar Oxford ta Ingila. Dalili kuwa, waɗannan takardu ba na Brod ba ne, na magadan Kafka ne, wato ƴaƴan ƙannensa da suka tsira. Ɗaya daga cikinsu, Marianne Steiner, a lokacin tana zaune a Landan. Da yardarsu wani malamin Jamusanci na Oxford, Malcolm Pasley, ya je Zurik a 1961 ya loda takardun a motarsa ya tuƙo su har Ingila. A can rubutun Le Château yake, da na L'Amérique, da na La Métamorphose, wato labarin ƙwaron nan, da kundin sirrinsa.

Na biyu shi ne gidan adana takardun adabin Jamus da ke Marbach. Can asalin rubutun Le Procès yake.

Na uku shi ne ɗakin karatu na ƙasa na Isra'ila a Birnin Ƙudus, inda abin da ya rage a hannun Brod ya ƙare bayan doguwar shari'a.

Wace shari'a ce wannan?

Rigimar gado ce, irin wadda kowa ya sani, sai dai ita wannan ƙasashe sun sa baki. Brod ya rasu a 1968 ba ɗa ba jika. Ya bar takardunsa a hannun sakatariyarsa Esther Hoffe, cikinsu har da na Kafka waɗanda yake ganin kyauta aka ba shi. A wasiyyarsa ya ambaci a miƙa su ga ɗakin karatu na jama'a, amma lafazin ya bar ƙofar gardama. Ita ta ɗauke su a matsayin mallakinta. Ta riƙe wasu a gidanta, wasu a bankuna a Tel Aviv da Zurik, ta riƙa sayar da wasu. Mafi girma shi ne na 1988, lokacin da aka yi gwanjon rubutun Le Procès a Landan a kan kuɗi kusan dalar Amurka miliyan 2. Ta wannan hanya ya isa Marbach. Mai son lissafi ya mayar da shi sefa ya ga yadda kai ke juyawa.

Ta rasu a 2007 tana da shekara 101, ta bar wa ƴaƴanta mata biyu. Nan ɗakin karatu na ƙasa ya shigar da ƙara ya ce ita mai riƙon amana ce, ba magajiya ba. Marbach ma ta shiga, tana son a bar ƴaƴan su sayar mata. Kotun farko ta ba ɗakin karatun gaskiya a 2012, ta biyu ta tabbatar a 2015, kotun ƙoli ta rufe magana a 2016. Sai a 2019 aka kawo na ƙarshe daga Zurik.

A cikin muhawarar an ta da tambayar da ba kotun da za ta iya warwarewa: Kafka na wa ne? Na Yahudawa don jininsa, na Jamusawa don harshensa, ko na Prag don can aka binne shi? Mu a Maraɗi bai kamata abin ya ba mu mamaki ba. Sarautarmu ta Katsina ce, iyaka ta raba mu da birnin, kuma in aka ce a raba tarihin tsakanin nan da can, ba a rasa mai ɗaga murya.

Abin ban dariya, kuma kowa sai ya faɗe shi, mutumin da ya rubuta labarin shari'ar da ba ta ƙarewa shi ne takardunsa suka kusa shekara goma a kotu.

Me aka samu da aka buɗe akwatunan? Akwai sabon littafi?

Babu sabon littafi. An samu wasiƙu, da rubuce-rubucen tafiya, da daftarin wasu labaran da aka riga aka sani, da littafin da yake koyon Ibrananci a ciki. Abin da ya fi ɗaukar hankali zane-zanensa ne, fiye da 100, yawancinsu ba a taɓa gani ba: ƴan mutane sirara baƙaƙe, kamar an zana su da tsinke, wani ya kifa kai a tebur, wani ya dogara da sanda. An buga su a littafi a 2021.

Wasiƙun fa? Su wa ya rubuta wa, kuma yaya suka tsira?

Kowane tari da hanyar da ya bi.

Mafi yawa su ne na Felice Bauer, wata ma'aikaciya a Berlin da ya haɗu da ita a gidan su Brod a watan Agusta 1912. Sau biyu ana sa musu rana, sau biyu ana fasawa. Tsakanin 1912 da 1917 ya aika mata wasiƙu da katuna fiye da 500, wani lokaci biyu ko uku a yini. Ta auri wani, ta yi hijira zuwa Amurka da wasiƙun a cikin kayanta, ta riƙe su shekara kusan arba'in. Sai da tsufa da rashin lafiya suka matsa mata ta sayar wa Schocken a kan dalar Amurka 8,000. An buga su a 1967. A 1987 aka yi gwanjonsu a New York a kan dala 605,000, wanda ya saya bai bayyana sunansa ba, kuma tun daga ranar asalin wasiƙun suka ɓace wa idon jama'a. Abin da ke ciki muna da shi. Takardar ce ta shige gidan wani.

Na Milena yawancinsu na 1920 ne. Ƴar jarida ce ƴar Cek, ita ta fara fassara labarinsa zuwa harshensu, daga nan wasiƙar aiki ta rikiɗe ta zama ta soyayya. A 1939, da ta ga inda aka dosa, ta damƙa su ga wani marubuci abokinsu, Willy Haas. Shi ya buga su a 1952. In mutum ɗaya kawai zai karanta daga cikin wasiƙun Kafka, waɗannan nake ba shi.

Akwai wata wasiƙa da ya rubuta wa mahaifinsa a Nuwamba 1919, shafi fiye da 100 da hannu, yana ƙoƙarin bayyana masa dalilin da ya sa yake tsoronsa. A faɗar Brod, uwar ya ba ta miƙa, ita kuma ta karanta ta mayar masa. Uban bai taɓa gani ba. Duk lokacin da na ba da wannan labari sai wani ya ce, "Wallahi Inna ma haka za ta yi." Gaskiya ne. Wace uwa ce a garin nan za ta kai wa maigida irin wannan takarda?

Sai na ƙanwarsa Ottla, wadda ya fi shaƙuwa da ita, guda 111. Ƴaƴanta suka adana. A 2011, da aka shirya gwanjonsu, Oxford da Marbach suka haɗa kuɗi suka saye su tare, maimakon su yi ta ƙara wa juna farashi.

Ina amsoshin da matan suka aiko masa?

Ba su tsira ba, na Felice da na Milena duka. Shi ya sa karanta wasiƙun kamar tsayawa ne kusa da mai magana a waya: kana jin ɓangare ɗaya, kana ƙiyasta ɗayan. Mai karatu ya riƙa tuna wannan. Duk Felice ɗin da muka sani, Felice ce ta bakin mutumin da ya fasa aurenta sau biyu. Milena ta ɗan fi sa'a, don wasu wasiƙun da ta rubuta wa Brod game da Kafka sun rage, kuma a cikinsu ana jin muryarta sosai.

Akwai rubutun da ya ɓace wanda ake sa ran gani wata rana?

Akwai. Dora Diamant ba ta ƙone komai da komai ba. Ta ɓoye littattafan rubutu kusan 20, irin waɗanda muke cewa kaye, da wasiƙu 35, ta kuma gaya wa Brod ba ta da komai. A 1933 ƴan sandan sirri na Nazi suka kai samame gidanta a Berlin suka kwashe duk takardun da suka tarar. Brod ya nema a lokacin bai dace ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 akwai masu bin sawu a gidajen adana takardu na Jamus da gabashin Turai, har yau shiru. Rubutun watanninsa na ƙarshe kenan. Wanda ya saɓa wasiyya ya buga, nasa ya tsira. Wadda ta ɓoye don ƙauna, nata ya salwanta.

Tunda an buga littattafan, mene ne amfanin tsohuwar takarda?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, don amsarta tana canza yadda mutum ke karatu.

Ɗauki Le Procès. Kafka ya rubuta shi tsakanin Agusta 1914 da Janairu 1915 a cikin kaye da yawa, yana tsalle daga wannan babi zuwa wancan. Daga baya ya ɓalle shafukan ya ɗaure su ƙunshi-ƙunshi, kowane babi daban, bai sa musu lamba ba. An san na farko, an san na ƙarshe, don su ya fara rubutawa. Na tsakiya Brod ne ya jera su yadda ya ga ya dace, ya ware waɗanda ba a gama ba. Wato littafin da kake riƙe da shi, jerinsa na Brod ne. Shi ya sa a 1997 wasu masana biyu, Roland Reuss da Peter Staengle, suka buga hoton rubutun a ƴan littattafai 16 a cikin kwali, ba tare da jeri ba, mai karatu ya tsara da kansa.

A Le Château kuma, takarda ta nuna cewa da "ni" ya fara ba da labarin. Ya yi nisa sannan ya dawo ya bi shafukan yana soke "ni" yana sa harafin K, wato sunan da ya ba jarumin labarin. Ba za ka taɓa ganin wannan a bugaggen littafi ba. Rubutun ya tsaya ne a tsakiyar jimla, amma bugun farko na Brod ya datse shi can baya don ya yi kama da wanda ya ƙare. L'Amérique ma sunan Brod ne. Kafka yana kiransa da wani suna mai ma'anar wanda ya ɓace.

Ban da haka Brod ya gyara waƙafi da aya, ya goge wasu kalmomin Jamusancin Prag, ya cire wasu wurare a kundin sirrin da ya ga za su kunyata mamacin ko su taɓa mutanen da ke raye. Kafka yana da rowar waƙafi, jimlarsa takan yi ta gudu ba numfashi, kuma wannan gudun yana cikin abin da ke sa mai karatu jin an shaƙe shi. Kamar a ɗauki waƙar makaɗin Gobir a mayar da ita daidaitacciyar Hausa: ma'ana tana nan, amma wani abu ya tafi. Sai daga 1982 aka fara fitar da bugun da ya koma ga asalin rubutun, Pasley ɗin nan na cikin jagororinsa.

Ba ina zagin Brod ba ne. A 1925 kaɗan ne suka san Kafka, kuma da ya kai wa masu maɗaba'a tarin guntaye ba kai ba gindi da sun sallame shi.

Wace fassarar Faransanci ta fi?

Tsohuwar da ta fi yawo a hannun masu sayar da littattafai a ƙasa ita ce ta Alexandre Vialatte, wanda Le Procès ɗinsa ya fito a 1933. Tana da daɗin karatu, amma a kan bugun Brod aka yi ta. Akwai sababbi, kamar ta Bernard Lortholary, da wadda Jean-Pierre Lefebvre ya jagoranta ta fito a 2018. Duba bayan shafin farko ka ga sunan mai fassara. In ta Vialatte ce kaɗai ta samu, karanta abinka, da ita muka fara mu ma.

Daga Maraɗi mutum zai iya ganin takardun?

Zai iya ganin wasu. A 2021 ɗakin karatu na ƙasa na Isra'ila ya ɗora hotunan nasa kason a intanet kyauta, har da zane-zanen. Ko ba ka jin Jamusanci ka duba. Akwai abin gani a yadda hannu ke gudu, da inda aka soke layi, da inda tawada ta canza. Hotunan suna da nauyi, a nemi lokacin da rezo yake da kyau.

Mu fa, ina takardun namu marubutan?

A Yamai, cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, dubbai ne, kuma tushensu tarin da Boubou Hama ya yi. Abdoulaye Mamani, marubucin Sarraounia, ya rasu a haɗarin mota a 1993 ya bar rubutun da bai buga ba, wasu an fitar da su bayan rasuwarsa. A ƙetaren iyaka, wasiƙun da Abubakar Imam ya yi musanya da Lugard bayan tafiyarsa Ingila a 1943 suna cikin littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1989.

Amma mafi yawan takardunmu ba a cibiyoyi suke ba, suna cikin adaka a ƙarƙashin gado. Maƙiyansu kuwa ba ƴan sandan sirri ba ne. Gara ce, da ɓera, da yoyon damina. Garin nan ya san aikin ruwa, tunda ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta tashe shi daga fadama ta hau da shi tudu. Sai kuma ranar rabon gado, ranar da ake ƙirga gona da shanu da kwanon rufi, takarda kuwa ba mai sa ta a lissafi.

Wanda ya tarar da irin wannan adaka a gidansu, me zai yi?

Ya ɗaga ta daga ƙasa ya ɗora a kan bulo, nesa da bango. Kada ya zuba takardu a leda ya ɗaure, gumi zai ruɓar da su. Kada ya liƙa salatif a inda ya yage, kada kuma ya kai a shafe su da roba mai zafi irin ta katin shaida, don ba a ɓarewa. Ya ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya da waya, a inuwa mai haske, ya tura wa ƴan uwa biyu ko uku. Ya bar su a jerin da ya tarar da su, don jerin ma shaida ne, kun dai ga abin da rashin lamba ya jawo a Le Procès. Sannan ya zauna da tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidan, ya karanta mata, ta gaya masa wane ne wane, ya rubuta a wata takarda daban.

Ni ban yi haka ba. Mahaifinmu ya yi fataucin gyaɗa, kuma yana da ƙane da ya zauna a Kumasi, sun shekara da shekaru suna aika wa juna wasiƙa da ajami ta hannun direbobi. Bayan rasuwarsa ina wurin aiki a wani gari, na ce sai hutu in zo in duba. Da na zo, wata safiya aka aiki yaro sayen ƙosai a bakin layi. Ya dawo da ƙunshi, mai ya jiƙe takardar har ana ganin bayanta, sai na ga hannun ƙanen Baba, da irin yadda yake jan wutsiyar harafin nun.

Na shiga cikin gida na ce, "Yaya, ina takardun adakar Baba?"

Ta ce, "Kai auta, waɗanda ke da sunan Allah na ware na ƙone, kada a taka. Sauran ai lissafin buhu ne da gaishe-gaishe, na ba maƙwabciya ta yi amfani da su. Da kana so ai da ka faɗa."

Da gaskiyarta, ban faɗa ba. Na je wurin mai ƙosan na karɓo abin da ya rage, guda goma sha ɗaya, na ba ta tsofaffin kaye na ɗalibai a madadinsu. Ta ƙosan ita ce ta goma sha biyu. Tana ba da labarin farashin goro, da wani ciwon ƙafa, da saƙon a gaida Inna, kuma inda ya fara maganar ranar da zai dawo gida nan aka yage.